Fim ɗin da Sitti Ta Gyara

Kakarmu, wadda muke ce wa Sitti, ba ta cika ba mu labarin Gizo ba. Fim take ba mu. A ƙasar Larabawa muke zaune, wanki da guga take yi a gidan wasu Larabawa a unguwar Bani Malik. In uwar gidan ta saka kaset ɗin bidiyo, sai ta riƙa leƙe daga bakin ƙofa, ko kalma ɗaya ba ta ji. Bayan magariba, a saman gidanmu na unguwar Sa'alaba, tana suyar gyaɗa kan garwashi tana juye mana shi da Hausa.

Lokacin ba a daɗe da kashe ɗanta, Kawu Sale, ba. Wuƙa aka soka masa a wani lungu a unguwar Balad. Duk gidanmu ba mai iƙama, wato takardar izinin zama, don haka ba wanda ya iya tunkarar 'yan sanda ya ce gawarmu ce. Hukuma ta binne shi, ba mu san inda yake ba.

"Yalla, ku matso," za ta ce. "Ga ta nan, amma ta talabijin ce."

Wanda ta fi maimaitawa labarin wani Bature ne da aka kashe masa ɗa. Ya daina ci, ya daina aski, sai bin sawun mai kisan. Can wata kyakkyawa mai jan baki ta manne masa, ashe mai kisan ne ya turo ta.

"Ta ja shi ɗaki, suka rufe ƙofa. Halas, shi ke nan! Ni ma gugata na ci gaba da yi, ku ma ba ruwanku."

Mu yi ta dariya. A ƙarshe tausayi ya kama matar, ta kai shi bayan gari ta nuna masa wani wuri, ta ce, "Nan ɗanka yake." Ya zauna ya yi kukansa har ya gaji. Shi ke nan labari ya ƙare.

Abin ya riƙa ba ni haushi. "Sitti, to mai kisan fa?"

"Ke wa ya aike ki wurinsa? Ai mutumin ya ga kabari."

Sai bayan rasuwarta, ina da 'ya'yana, na ci karo da fim ɗin. Ƙarshensa harbe-harbe ne kawai, kuma matar nan ba ta taɓa jin tausayin kowa ba. Kabarin kuwa tun farkon fim aka nuna shi, uban yana tsaye a kai, ga furanni, ga 'yan'uwa. Na kashe talabijin na yi kuka sosai. Abin da masu fim suka ɗauka mafarin baƙin ciki, ita Sitti a wurinta shi ne babban rabo. Shi ya sa ta ɗauke shi ta kai ƙarshe, ta sa mutumin ya sha wahala kafin ya samu.