Roshin ta Bab Makka

Shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar ƙanwata Roshin, mai sayar da waina a unguwar Bab Makka, nan Jidda. Na tuna da ita ne saboda 'yarta ta haihu watan jiya, aka yi gardama kan suna.

Sunanta na yanka Hauwa, sunan kakarmu ta wajen uba. Inna ba za ta iya kiran sunan surukarta ba, sai aka shiga neman laƙabi. Lokacin ba a daɗe da rushe ganuwar Jidda ba, Inna tana wanki a gidan wani injiniyan tashar jirgin ruwa. Matarsa 'yar Ailan ce, kuma ba ta yarda a ce mata Baturiyar Ingila. Ita ta ɗauki jaririyar ta ce Roshin. Da harshensu, wai ƙaramin furen wardi ke nan. Ta ce sunan kakarta ne, a ƙauyensu jika ke gadonsa, ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Inna ta ce, “Ashe ku ma kuna mayar da suna. To na karɓa miki.”

Ranar da Roshin ta rasu, aka yi sanarwa a masallaci da sunan Hauwa. Mutanen da suka shekara goma suna cin wainarta suka ci gaba da cinikinsu, ba su san wa ake nufi ba. Mu tara muka kai ta. Ni na ba ladan sunan, don na ji kunyar ɗayan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Shi ya sa da aka haifi jikarta mace, na je da kaina na roƙi uban yarinyar ya sa mata Roshin. Haihuwar nan ne, Hausarsa rabi da rabi. Ya kira ni kawu da Larabci, ya ce, “Ya khali, wa zai rubuta min wannan a takarda? Me ma yake nufi?” Na faɗa masa. Ya ce, “Khalas, magana ta ƙare, da Larabci Warda ke nan.” Haka aka raɗa.

Da Roshin tana raye, na san dariya za ta yi, ta ce wardi ai wardi ne, Yaya, ka cika rigima. Wataƙila da gaskiyarta. Amma matar injiniyan nan ma'ana ba ta dame ta ba, so take a ci gaba da kiran kakarta a wani wuri.

Na ci naman suna, na yi addu'a. Da aka miƙo min yarinyar, na kira ta Warda kamar kowa.