Ɗigon Nguru a Taswirar Baba Isyaku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 8 ga Yuni, 1999, kwana goma da saukar soja daga mulki, Allah Ya karɓi ran Malam Isyaku Lawan na Gyadi-Gyadi, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Ni Mu'awiya, ɗan unguwarsu, da ajami na rubuta wannan, maƙwabcinmu ya juya mini da boko.

Baba, ni na laƙaba maka Sarkin Sauro, saboda ƙwarin da kake tarawa a kwalba kana bincike. Ba ka taɓa fushi ba, sai dai ka gyara mini: wannan ƙwaron ba sauro ba ne, ɗan uwansa ne a dangin ƙuda, bakinsa ba allura, bai taɓa cizon kowa ba. Ka nuna mini jajayen tsutsotsinsa a cikin laka. Ka ɗora idona kan madubinka mai ƙara girman abu, ka ce da jijiyar fiffike ake raba iri da iri. Akwai wani kore da ka ce shekara goma sha ɗaya ba ka gan shi ko'ina ba sai a kududdufan Tarauni, daga Darmanawa zuwa Unguwa Uku. Duk inda ka kama shi, ka ɗiga jan biro a taswira.

Ranar da na zuba maka garin barkono a kwalba, da ka gama atishawa, kunu ka sa Inna Hadiza ta kawo mini.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Bara da zan je biki Nguru, ka ba ni kwalba, ka ce in kamo maka ko me na gani a bakin fadama. Na manta. Da na dawo sai na kama koren nan a kududdufin bayan gidanmu, na ce na Nguru ne. Dariya nake jira. Sai na ga ka ɗora shi a madubi, ka ƙura masa ido.

Ka ce, “Ɗan nan, ashe ko an cike kududdufanmu ba zai ƙare ba.”

Ka ɗiga ja a kan Nguru. Ka rubuta wa masana. Sau biyu kana zuwa can da kanka, kana shiga ruwa har ƙugu, da shekarunka, kana dawowa kwalba wayam. Kullum in ce gobe zan faɗa. Ranar da na shigo da niyyar faɗa, ka daina gane mutane.

Yanzu an cike kududdufin bayan gidanmu, an fara aza bulo. Ban san wa ka rubuta wa ba, ba na kuma karanta boko balle in bi sawun takardar. Duk wanda take hannunsa, don Allah ya goge ɗigon Nguru. Ƙaryata ce, Baba bai taɓa yin ƙarya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Iyalan Baba, Inna Hadiza, Safiyyah, Shehu, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku yafe mini, tunda shi na makara.