Tsagar da Na Ƙi Yi a Yendi

Ni wanzami ne, ɗan wanzamai, daga Dogondutsi na zo Gana da zabirata. Na yi shekara biyu a Bawku, sannan na zauna a zangon Yendi. Ba ni da ƙuri'a a ƙasar, ba ni da dangi, kuma wallahi hakan ya yi mini daɗi lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin mutanen gari da manoman ƙauyuka. In an tare lori a hanya fuska ake dubawa, tsaga ce ke faɗin ko kai na waye. Da an ga tawa sai a ce baƙo ne, a wuce.

Bayan gidan da nake haya akwai wata mata mai sayar da koko, 'yar ƙauye ce, ta auri wani ɗan gari mai fataucin albasa, 'ya'yansu uku. Duka ukun ni na yi musu askin suna. Tun da aka fara rikicin ta daina fita, babbar 'yarta ke kai kokon bakin titi. Unguwa ta san tana ciki, unguwa ta yi shiru.

Faɗa ya lafa amma bai mutu ba, sai ga zaɓe. Yayan mijinta, wani mai baki kamar rediyo, ya shiga kamfe ka'in da na'in, ya rantse duk baligin gidansu sai ya ga tawada a yatsansa ranar. Wurin jefa ƙuri'ar kuwa wata makaranta ce a can wata unguwa, inda kusan kowane gida an yi rashi. Mijin yana Bawku, hanya ta hana shi dawowa.

Saura mako uku ta zo ta same ni da hantsi, ta durƙusa a bakin tabarmata, ta yaye mayafi. Ta ce in ƙara mata zane ɗaya dogo a kowane kunci, ya haɗiye nata, ta koma kamar 'yar gari. Ta san aikina. Ta san in na sa baƙin tukunya da man kaɗanya, kafin mako uku ya bushe ya yi kamar da shi aka haife ta.

Na ce a'a. A gidanmu aska ba ta taɓa fuskar matar aure sai da bakin mijinta, haka ubana ya koya mini, kuma ba a canza wa mutum tsagar ubansa. Na yi mata dogon bayani har da ɗaga murya, don ni mutum ne mai saurin hawa. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce tsoro nake ji. In aka gane baƙo ne ke ɓoye fuskokin mutanen ƙauye, wa zai tsaya mini?

Ta ce, "Baba Wanzam, in suka kore ni, yara fa?"

Na ce ta jira mijinta. Ta ja mayafinta ta tafi.

Mijin bai zo ba. Saura kwana biyu zaɓe aka aiko in zo da sauri. Ta sayi reza ta yi da kanta a gaban madubi. Ɓangare ɗaya ya karkace har kusa da ido, ɗayan ta kasa ƙarasawa. Na tsayar da jinin, na sa magani, ina ta faɗa kamar ita ce mai laifi.

Duk da haka yayan mijin ya tasa ta gaba zuwa layi. Sabon ciwo a kunci, a irin wannan shekara, ai ko makaho ya san abin da ake ɓoyewa. Ban je ba, ni da ba ni da ƙuri'a, ina zaune ina wasa aska. An ce wata tsohuwa ce ta fara nuna ta, sai samari suka taso. Sojoji suka janye ta da ƙyar, suka sa ta a motar da ke kwashe mutane ta hanyar Salaga. Dangin miji suka riƙe yaran, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Na fi mako ina jin kukansa ta katanga.

Da hanya ta buɗe mijin ya dawo. Ya je Salaga har sau biyu, ya bi ƙauyuka, bai same ta ba. Wata Juma'a ya zo aski, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Na jiƙa kansa, na fara. Can ya ce, a hankali, shi abin da ke cinsa shi ne yadda ta ɗauki reza ita kaɗai, alhali ga ni a bayan gida.

Ya ce, "Da ta zo wurinka ai da ka yi mata, ko ba haka ba, Baba?"

Kansa na sunkuye a hannuna, ba ya ganin fuskata. Na ce masa haka ne, da ta zo da na yi mata.