Fuskokin da ke Ƙarƙashin Mayafin Maryamu

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin sojoji su ci garin Torre Salada, Telmo Arjona ya tashi ƙarfe shida kamar kullum. Mahaifinsa, Don Eulogio mai kantin magani, yana daga ɗaki ya ji shi yana wanke buroshi a tsakar gida. Ƙarfe bakwai suka karya da burodi da man zaitun, mahaifiyarsa Remedios tana ta mitar fentin da ya ƙi barin farcensa. Ƙarfe tara ya gangara bakin teku don ya rubuta suna a goshin kwale-kwalen wani masunci, Bastián.

"Mai zane, ni dai ka cuce ni," in ji Bastián. "Hancin da ka yi mini a hoton ƙungiya, matata ta ce har shanya za a iya yi a kansa."

"Kai ƙara wurin wanda ya ƙera shi, Kawu. Ni kwafa na yi."

Da rana ya ci soyayyen kifi ya ɗan kishingiɗa. Wajen ƙarfe huɗu aka fara jin ƙarar manyan bindigogi daga yamma. Kafin faɗuwar rana wani direba ya zo da labarin cewa a garin da ke gaba, hotunan da aka samu a ofishin ƙungiyar ma'aikata da su aka bi mutane gida-gida.

Shekarun Telmo ashirin da bakwai a lokacin. A takardar naɗe magani ya fara zane, uban kuwa ya ga hannun yaron ya tura shi makarantar zane a Malaga. Malamansa suka ce yana da hannu amma ba ya iya ƙago fuska: duk wanda ya zana, sai an gane wani maƙwabcinsa ne. Abokan karatunsa suka wuce Faris neman suna, shi ya dawo gida yana rubuta allunan kantuna, yana zana wa zawarawa mazajensu da teku ya ci. Babban aikinsa guda ne, wanda ƙungiyar masunta ta sa shi ya yi: mazan garin suna jan taru da asuba, kowa da fuskarsa, ko yaron goye zai nuna babansa a ciki.

Ranar Asabar, mutane na ɗaure kaya suna bin hanyar gabas, Telmo ya sauke hoton daga bangon ƙungiya ya kawo gida. Don Eulogio ya ce a ƙona shi nan take.

"Baba, shi kaɗai ne abin kirki da na taɓa yi," in ji Telmo. "Zan rufe shi."

Kwana biyu ya yi yana zana Maryamu uwar Yesu, mai tsaron masunta, a kan mazan, da shuɗin mayafi mai faɗi har ƙasa. Fentin ya yi kaɗan, sai ya tsinka shi da kananzir don ya isa ko'ina. Shi da kansa ya gaya wa uban cewa fenti mai ruwa-ruwa ba ya riƙe sirri, da shekaru sun ja abin da ke ƙasa zai taso. Ya ce in ƙura ta lafa zai ƙara masa shafi biyu masu kauri.

Ranar Talata, bayan sojoji sun shiga garin, aka zo aka tafi da Telmo. An tambaye shi ina hoton, ya ce ya ƙone. An tambaye shi su wa ke ciki, ya ce ya manta. An harbe shi a bayan katangar maƙabarta tare da wasu. Ba a ba da gawa ba.

Bayan mako guda Fada, limamin cocin garin, ya zo ta'aziyya, idonsa ya faɗa kan Maryamu a jingine da bango. Hotunan cocin duk an ƙona su tun farkon yaƙi. Ya ce ashe marigayin ya tuba kafin ya tafi, ya kuma roƙi a ba coci hoton. A wancan zamani gidan da aka kashe wa ɗa ba ya ce wa Fada a'a. Aka rataye shi kusa da bagade, daidai gaban bencin da sababbin mahukuntan gari ke zama.

Don Eulogio ba mai yawan zuwa coci ba ne a da. Yanzu ba ya fashin Lahadi, har mata suna cewa rashin ɗa ya mai da shi ga Allah. Shi kuwa mayafin yake kallo. Yakan fara daga sama ya bi shi a hankali har ƙasa, yana jin tarin kwamandan gari a gabansa. Yawancin mazan da ke ƙarƙashin shuɗin nan suna raye, suna durƙushe a bayansa da 'ya'yansu, sun rantse wa hukuma ba su taɓa shiga ƙungiya ba.

A shekara ta uku ya ga abin da yake tsoro. Kusa da gefen mayafin wani baƙin zagaye ya taso, ƙarami kamar ƙwayar zaitun. Ido ne. Ranar bai iya cin abinci ba.

Akwai al'ada a garin: kafin bikin watan Yuli, da ake ɗaukar Maryamu a kai ta bakin teku ta sa wa jirage albarka, gidan da ya ba da hoto shi ke share shi. Don Eulogio ya shiga coci da safe da akwatin fentin ɗansa a ƙarƙashin tsumma. Mutumin da bai taɓa zana ko da'ira ba ya tsoma buroshi a ɗan ragowar shuɗin ya rufe idon. Shuɗin ya fi na kewaye duhu. Yana cikin haka mai sharar coci ta tsaya a bayansa. Ƙanwar Bastián ce. Ta dubi wurin ta daɗe.

"Don Eulogio, can ma ta gefen hagu mayafin ya fara koɗewa," ta ce, ta ja tsintsiyarta ta tafi ta tsaya a ƙofa.

Haka ya riƙa yi duk shekara. Mayafin ya yi ta kauri yana muni, har masunta ke cewa Maryamunsu tsufa ya kama ta, sanyi take ji. Ba su faɗar haka in akwai baƙo a wurin.

Kayan Telmo ba su da yawa. Tufafinsa Remedios ta rage su ta ba 'ya'yan maƙwabta. Katakon da yake jingina zane aka faskara shi aka yi girki a shekarar yunwa. Ƙananan zane-zanen fuskokin mutanen gari, ita ta ƙona su a murhu ɗaya bayan ɗaya, tana duban kowanne kafin ta jefa. Sauran launukan suka bushe a cikin akwati. Shuɗin ne kawai ya ƙare, Don Eulogio ya koma niƙa bular wanki da mai a turmin haɗa magani. Akwatin da buroshi biyu yana ajiye su a kanti, a kabad ɗin da ake kulle guba.