Ranar da Salulata ta Mutu a Motar Taubashina

Taubashina ya yaudare ni da sunan wasa, ya sa salulata ta mutu a ranar da ɗana zai kira ni daga Aljeriya. Laifin ke nan, na faɗe shi tun farko don kada wani ya ce na yi kwana-kwana. Ɗan kawuna ne. Tun muna ƙanana yake ce mini bawansa, ni ma ina ce masa nawa, dangi suna dariya. A wurinmu taubashi ko hularka ya cire a tsakiyar kasuwa ba ka da ikon yin fushi.

Ɗana na fari ya tafi ne bayan girbin da bai cika rumbu ba. Daga Agadas ya kira ya ce ya sayar da salularsa, amma in sun sauka Tamanrasset zai ari ta wani ya neme ni ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. "Baba, ka dai bar ta kunne." Iyakar abin da ya roƙe ni ke nan.

Juma'ar ta zo ta tarar an ɗauke wutar kuran a unguwarmu, sanda ɗaya ta rage a batirin salulata. Na kama hanyar tashar Tasawa, wurin mai sharji da hasken rana, niyyata in zauna kan bencinsa har a kira. Ina cikin tafiya wata farar mota ta tsaya gefena ban ji zuwanta ba. Gilashi ya sauka, sai ga fuskar taubashin nan nawa, wanda kasuwanci ya karɓa a Maradi.

"Bawana, ina za ka da rana haka kamar jakin da ya ɓace? Shigo mu tahi Mayahi, yau sunan jikar inna."

Na ce ba ni zuwa, na gaya masa dalili, ban rage komai ba. Ya ce ashe Allah ne ya haɗa mu. Ya nuna mini wani ɗan faifai baƙi tsakanin kujeru, ya ɗora babbar salularsa a kai. Ta yi ƙara, ta yi haske, alamar sharji ta fito. Babu igiya, babu abin sokawa. Na yi lakol har aji biyar, na san wuta ba ta tafiya sai ta cikin waya, amma ga shi idona ya gani. Ya ɗauke tasa, ya karɓi ƴar tawa mai maɓallai, ya kife ta a wurin.

"Kada ka ɗaga ta, in ka ɗaga sai ta koma farko. Kafin Mayahi ta ƙoshi."

Ban taɓa shiga abin hawa irin wannan ba. Da wuta take tafiya, ba ta shan man isansi, ba ta tari, ba ta hayaƙi. Muka bar gari kamar ana jan mu a kan tabarma. Na ji kukan kurciya daga cikin mota, na ji kara yana ƙas-ƙas ƙarƙashin kofaton shanun Fulani da ke kiwo a gonakin da aka girbe. Itatuwan gawo sun fara sabon ganye, suna zuwa suna wucewa a hankali. Muka wuce wani mai amalanke yana gyangyaɗi, ko jakinsa bai juyo ba.

Taubashin yana tuƙi yana ba ni labari. Wai a can ƙasashen da ake ƙera su, motar kanta ba sai an soka mata komai ba. A ajiye ta bisa wani faifai da ke ƙasa, ta yi ta sha tana tsaye. Wai har ana gwada hanyar da za ta riƙa shayar da mota tana cikin gudu. Ni kuwa sanyin motar ya kama ni, hankalina ya tafi. Na ga an shimfiɗa irin wannan hanya daga ƙofar gidana, ta ratsa Agadas, ta ratsa rairayin da ban taɓa gani ba, babu motar da za ta mutu da yaran mutane a tsakiyar sahara. Na ga tabarmar da manomi zai kwanta a kai ƙarfinsa ya dawo, na ga rumbun da ke cika don kawai an gina shi a inda ya dace. Na ce a raina, in wuta tana iya tsallaka iska ta shiga ƙarfe, to muryar yarona ma tana nan cikin iskar nan, tana tafe, ta wuce duwatsu, saura kaɗan ta sauka a wannan ɗan abu da ke kife kusa da gwiwata. Ina kallon salular kamar kazar da ke kwanci. Rabona da jin daɗi irin na wannan tafiya na manta, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan yau.

A Mayahi ya ce in bar ta ta ƙarasa, mu yi salla tukuna. Da aka sallame na rigayi kowa zuwa mota. Na ɗaga ta, fuskarta baƙi ƙirin. Na danna, na sake dannawa. Sai na ji dariya a bayana, ya tara ƴan'uwa yana riƙe da ciki.

"Ku zo ku ga bawana! Wagga ƴar gwangwanin tashi ce za ta sha wuta ta iska? Ai sai manyan saluloli, baƙauye!"

Ban tsaya ba. Na bi layin kasuwa da gudu-gudu, babbar riga tana harɗe ni, har na sami mai sharji. Kafin ta farfaɗo la'asar ta kusa. Tana kunnuwa saƙo ya shigo, wata lamba ta ƙasar waje ta neme ni, ba sau ɗaya ba. Na kira. Wani mutum ya ɗauka yana Larabci, ina Hausa, ina haɗawa da ɗan Faransancin da ya rage mini. Abin da na tsinta, mai shago ne, yaron ya jira ya gaji, motarsu ta yi gaba.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Ban ce yaron ya mutu ba, ban yarda kowa ya ce ba. Watakila lambar tawa ce ta ɓace masa. Watakila ya ɗauka na ƙi ɗauka ne, don ban so tafiyar ba, mun rabu ba da daɗi ba. Uwarsa ta daina tambayata. Ni dai yanzu salula ba ta barin aljihun gabana, kuma wani lokaci ina noma sai in ji ƙararta, in tsaya, ashe tsuntsu ne.

Dattawan gidanmu sun ce ba a riƙe taubashi a zuci, wai bai yi zaton batirin zai mutu ba. Ranar cika-ciki ya zo, motar ta tsaya ƙofar gidana shiru irin nata. Ya fito yana washe baki, ya miƙo mini sabuwar salula a kwali.

"Bawana, har yanzu kumburin ne? Ungo, wagga tana sha ta iska."

Ban karɓa ba. Na dube shi na ce, "Na gaya maka abin da nike jira kafin in shiga motarka, ka ji da kunnenka. Mai da abinka. Ranar da yaron ya kira, ka zo ka zage ni daga safe har yamma, ni zan shimfiɗa maka tabarma. Kafin nan ni ba bawanka ba ne, kai ma ba nawa ba, kuma kada ka sake yi mini wasa."