Haƙorin Sama da Idon Tela

Ina zaune a bencin asibitin haƙori, hannu a kumatu. Sau biyu ana kiran sunana ina cewa na bayana ya shiga.

Wata huɗu ina cusa kanumfari a ramin haƙorin nan. Tun muna yara a Ƙofar Mazugal ake gaya mana duk wanda aka cire wa haƙorin sama, idonsa zai tafi. Ni kuwa tela ne, da ido nake ci.

Wata dattijuwa da ke ɗinkin hula a gefena ta dube ni.

"Ɗan nan, lafiya kake ta gumi?"

"Hajiya, na sama ne. An ce yana taɓa ido."

Ta buɗe baki ta nuna min giɓi. "Uku aka cire min, duk na sama." Sai ta lashi zare, ta zura a allura tashi ɗaya.

Da aka sake kira na miƙe ina salati.

Jiya aka cire. Amma wallahi har yanzu ina rufe ido ɗaya in gwada ɗayan. Waɗanda aka cire wa na sama, don Allah yaushe hankali yake kwanciya?