Rogon Uthup da Bindigar da Ke Caji Ofis

A ranar da aka sanar da zaɓen ƙananan hukumomi na jihar Kerala, Uthup yana rumfar shayin Moidu a ƙauyen Ottapara. Ya baje jarida a kan benci yana karanta wa jama'a da ƙarfi, yadda ya saba kowace safiya, ko an roƙe shi ko ba a roƙe shi ba. Da ya zo kan ranar zaɓen sai ya shiga lissafi da yatsu. Mako biyar kafin zaɓe, da ƙarin mako guda kafin a gama ƙirga ƙuri'u. Rogonsa kuwa saura wata biyu a tone shi.

"Shi ke nan, sun gama da ni," in ji shi.

Moidu yana ɗaga shayi sama yana juyewa daga kofi zuwa kofi, ko waiwayowa bai yi ba. "Su wa kuma suka gama da kai yau, Uthup-cetta? Jiya mutanen Delhi ne, shekaranjiya dillalan roba."

"Bindigar za su karɓe, Moidu. Kai da ba ka da abin da alade zai ci sai wannan burodin naka, shi ma na tabbata zai shinshina ya wuce."

Aka yi dariya, ban da Uthup. Doka ce da kowa ya sani, duk lokacin da zaɓe ya ƙarato mai lasisin bindiga zai kai ta caji ofis ya karɓi takarda, ba za a mayar masa ba sai an faɗi sakamako. Wai don kada wani ya tsorata masu jefa ƙuri'a. Shekara arba'in da ɗoriya bindigar nan tana hannun Uthup, ba ta taɓa kallon ɗan Adam ba, amma duk zaɓe sai an kulle ta kamar wadda ta yi laifi. Wanda ya rubuta dokar bai tambayi aladun daji ko su ma za su dakata ba.

Shekarar Uthup sittin da shida, shi ya sa kowa a ƙauyen ke liƙa wa sunansa "cetta", wato yaya. Ubansa ne ya hauro waɗannan tsaunuka daga kudu, da adda da tukunya da wannan bindiga mai baki biyu, ya sare daji ya yi gona. Uthup ya gaji eka biyu a bakin gandun daji, ya gaji bindigar, ya kuma gaji bakin tsohon, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale. 'Yarsa tana aikin jinya a Kuwait, ɗansa yana Bengaluru yana danna kwamfuta. Duk Lahadi bayan an taso daga coci sai sun bugo waya da magana ɗaya, Baba ka bar noman nan ka huta. Shi kuwa sai ya miƙa wa matarsa Aleyamma wayar ya fita duba gona.

Sunansa yana cikin jerin maharban da ƙaramar hukuma ta yarda su harbe aladen da ya addabi gonaki, kuma yana ji da wannan fiye da yadda yake nunawa. Sai dai aikin takarda ya fi harbin yawa. Manomi zai kai kuka, shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu, a harbe, a ɗauki hoto, a tuttula wa gawar kananzir a binne ta a gaban shaidu don kada wani ya yi miya da ita. Harsashi ma sai ya shiga bas zuwa Kannur, mai shago ya rubuta a littafin lasisi, ya nemi ganin kwanson waɗanda aka harba. A rumfar Moidu, Uthup zai iya cinye awa guda yana bayanin wane harsashi ne ke kayar da ƙaton alade, wane ne ke yi masa susa kawai ya ƙara masa haushi. Daga nan sai ya gangara kan gwamnatin jiha da ke cewa laifin Delhi ne, da gwamnatin tarayya a Delhi da ke cewa laifin jiha ne, har shayinsa ya huce.

Bana rogon ya yi kyau irin wanda ya daɗe bai gani ba. Tushe dubu biyu da wani abu, ƙasa har ta fara tsagewa a gindinsu. Aladun ma sun sani. Abin da ke tsare su shi ne ƙarar bindiga sau ɗaya ko sau biyu a mako.

Kwana uku da sanarwar, ɗan sanda ya bugo waya. Uthup ya shafe bindigar da mai ciki da waje, ya naɗe ta da tsohon zanen Aleyamma, ya rungume ta ya shiga bas. A caji ofis sajan ɗin da ke karɓa ya warware zanen ya miƙo masa.

"Yallaɓai, ka bar mata zanen. Ɗakin nan naku yana da danshi."

"Lamba nake so in riƙa gani, cetta. Ba jaririya ba ce."

Ya ɗaura mata wata 'yar takarda a ƙota, ya jingine ta a bango tare da wasu kusan hamsin, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Uthup ya tsaya yana kallo har sajan ya ji nauyinsa, ya ce akwai kwamiti a hedikwatar gunduma da ke ɗauke wa manoma irinsa wannan dokar, ya je ya cike takarda.

Ya je. Awa biyu da rabi a bas, kan hanyar da ke juya wa mutum hanji. Aka ce sai ya kawo wasiƙar shugaban ƙaramar hukuma. Ya dawo ya tarar da shugaban a bayan mota yana ɗaga wa mutane hannu, ya ce shi yanzu ɗan takara ne, in ya sa hannu a wata takarda abokan hamayya za su kai ƙararsa. Ya tura shi wurin sakatare. Sakatare an tafi da shi horon aikin zaɓe. Da aka same shi bayan kwana shida ya rubuta, Uthup ya koma gunduma, aka ce kwamitin ya zauna jiya, sai wani zaman. Yaushe ne wani zaman? Akawun ya ɗaga kafaɗa. A tafiya ta uku ko akawun bai samu ba, teburinsa cike da takardun zaɓe.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a duk tsawon makonnin nan babu abin da ake ji a lasifika sai maganar aladen daji. 'Yan jam'iyya mai jar tuta sun ce su ne za su raba manomi da shi. Abokan hamayyarsu masu fararen riguna sun ce ai masu jar tutar ne suka ƙyale shi ya hayayyafa. Har hoton alade aka buga a fosta, da haƙora zaƙo-zaƙo, an liƙa a jikin rumfar Moidu.

Wata ranar Asabar Malam Raghavan, tsohon hedimasta da ke neman kansila, ya shigo gidan da hannuwa a haɗe da mutum takwas a bayansa.

"Uthup-cetta, ka san abin da ya kawo mu. In muka ci, maganar alade ta ƙare."

"Malam, kai ka koya wa 'ya'yana lissafi, to taya ni wannan. Garke guda yana tone tushe ɗari a kwana. Ina da dubu biyu. Zaɓenku saura kwana ashirin da uku. Nawa zai rage mini ranar da za ka ci?"

Malam Raghavan ya yi murmushi, ya ce ai matsala ce ta tsari gaba ɗaya, sai an kama ta daga tushe.

"Daga tushe suke kamawa su ma," in ji Aleyamma daga kicin. Amma ta kawo musu shayi, don baƙo baƙo ne.

Ba zama Uthup ya yi ba. Ya kewaye gonar da tsofaffin zannuwan mata masu launi, waɗanda Aleyamma ta bi gida-gida ta roƙo. Ya rataya gwangwanaye. Ya je wurin mai aski ya ɗebo buhun gashi ya barbaza a bakin daji, don an ce yana shiga musu hanci. Ya bar rediyo a kunne a tsakiyar gona, tana ta muhawarar 'yan takara. Kwana huɗu abin ya yi aiki. A na biyar ya tarar an tone rogon da ke kewaye da rediyon tas, ita kuma tana nan tana magana.

Wani maƙwabci ya ja shi gefe ya ce ya ja waya daga turken lantarki ya zagaye gonar, kowa haka yake yi. Uthup ya dube shi sama da ƙasa. A watan jiya shi da bakinsa ya karanta musu labarin mai tatsar roba da irin wannan waya ta kashe a wata gunduma, yana kan hanyar aiki.

"Mutum nake so in tarar a gonata da safe? Rabu da ni."

Daga nan abin ya zama na kowace safiya. Ya naɗe zanensa zuwa gwiwa ya haura, ya tarar da ramuka, da itacen rogo a kwance, da guntaye farare da aka gatsa aka yar. Alade ba ya cin abin da ya tona duka, ɓarnar ta fi cin yawa, wannan ne ke sa Uthup ya tsaya yana zagin daji shi kaɗai. Suka yi ƙoƙarin tone abin da ya rage, amma bai ƙosa ba, sirara kamar yatsu, dillali ya duba ya ce ko dabbobi sai da lallashi. Ranar zaɓe ya sa farar riga ya bi layi ya jefa ƙuri'arsa, don bai taɓa fashi ba. Wa ya zaɓa, har yau bai faɗa wa kowa ba. A gonar kuwa abin da ya rage bai kai tushe ɗari biyu ba.

Bayan sakamako aka mayar masa da bindigar. Ya buɗe ta ya ɗaga wa haske, ya ga jan tsatsa a cikin bakin hagu. Kwana biyu yana gogewa, ko jaridar bai karanta ba, har Moidu ya aiko a tambaya ko lafiya.

Sai ga wa'adin lasisi ya zo ƙarewa a ƙarshen Janairu. An ba shi lasisin ne don kare amfanin gona, saboda haka kafin a sabunta sai jami'ar ƙauye ta zo ta ga gonar ta rubuta rahoto. Ta zo, mace mai ladabi, sa'ar 'yarsa, da fayil a hannu. Ta tsaya a bakin gonar ta dubi jar ƙasa da ramuka da tsummokaran zannuwa suna kaɗawa.

"Cetta, ina amfanin gonar?"

"Yana cikin aladu, 'yata."

"Na gane. Amma takardar tambaya take yi, wane amfani ne a gonar yanzu. Ba zan rubuta rogo ba alhali ban ga rogo ba. In na rubuta babu, za su ce to me za ka kare."

Uthup ya juya ya dubi ramukan. Ita kuma ta dube shi, ta rufe fayil ɗin. Ta ce za ta riƙe rahoton, ta dawo ranar Alhamis ta mako na huɗu. In ta ga ganye za ta rubuta ta ga ganye. Sai dai da zarar wa'adin ya cika, bindigar za ta koma caji ofis har a sabunta, wannan ba a hannunta yake ba.

Babu mai hankalin da ke dasa rogo a tsakiyar rani a kan tsaunin nan. Uthup ya sani, shi da ya sha yi wa wasu dariya a kan abin da bai kai wannan ba. Ya mayar da bindigar, ya dawo ya tsinto itacen rogon da aladu suka bari, ya sassare, ya kafa layi goma a gefen da ake hangowa daga hanya. Shi da Aleyamma suka riƙa jido ruwa daga rijiya safe da yamma, tulu a kafaɗa, suna haurawa suna hutawa. A mako na biyu 'yan ganye suka ɓullo.

"Kai bawan Allah," in ji Aleyamma wata yamma, ta dire tulun tana dafe da ƙugu, "wannan rogon wa zai ci shi?"

"Ba na ci ba ne. Na gani ne."

Ya faɗa, ya ji kunyar maganar har cikin ransa. Tun yana yaro bai taɓa sa abu a ƙasa don a gani ba.

Ranar Litinin ta makon da jami'ar za ta zo, ya hauro da ruwa ya ga sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasar layin ƙarshe, sabo, manya da ƙanana. Sun tumɓuke guda bakwai, ba don akwai abin ci a gindi ba, danshin ne ya jawo su. Ya durƙusa ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya danna ƙasa da tafin hannu. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya juya ya fuskanci dajin, hannunsa babu komai sai laka. Aleyamma da ke bayansa ta zaci zagi zai fara kamar kullum. Muryarsa a ƙasa ta fito.

"Ku yi mini haƙuri zuwa Alhamis," in ji shi. "Bayan nan naku ne."